Kun Tambaya, Mun Amsa: sa tsohuwar motar tsere a cikin wasan kwamfuta

Wasiƙun wannan karon daga Jidda, Makka, Madina da Riyad suka fito, kuma duk a kan abu ɗaya suke: yadda mutum zai gina tsohuwar motar tsere a kwamfuta ta yi kama da ta gaske a ido, ta kuma yi halinta a kan titi. Masu tambayar suna aiki ne da Assetto Corsa, wasan da kamfanin Kunos Simulazioni na Italiya ya fitar a 2014, don haka sunayen fayilolin da za mu ambata nasa ne.

Assalamu alaikum. Ina son gina Williams FW07, farar motar nan mai ratsin kore da sunan Saudia a jikinta. Na iya Blender, manhajar gina siffar abu a kwamfuta, daidai gwargwado. Matsalata hotunan da na tara ba sa jituwa, a wani akwai fiffiken gaba, a wani babu. Ta ina zan fara?
Daga wani mai karatu a Karantina, Jidda

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hotunan ba su yi maka ƙarya ba, motoci daban-daban ka tara wuri guda. FW07, motar tseren Formula 1 da Patrick Head ya jagoranci zana ta, ta fara fitowa a tseren Sifen a filin Jarama a 1979. A 1980 aka fito da FW07B, wadda Alan Jones ya ci kambun duniya da ita. Sai FW07C a 1981, shekarar da aka hana siket mai zamewa, wato allon gefen mota da ke gogar kwalta, aka kuma ce dole mota ta tashi daga ƙasa da santimita 6. Ko a cikin shekara ɗaya ma, abin da aka ɗaura mata a Monaco ba shi ake ɗaura mata a Hockenheim ba. Fiffiken gaban da ka ga babu shi, da gangan ake cire shi a wasu tseren, domin ƙarƙashin motar kaɗai ya ishe ta manne wa titi.

Saboda haka aikinka na farko ba a Blender yake ba. Ka tsai da mota ɗaya, tsere ɗaya, direba ɗaya, duk hoton da ba na wannan ranar ba ka ware shi gefe. Da mu za mu zaɓa maka, Silverstone ta 14 ga Yuli 1979 za mu ce. Ranar ce Clay Regazzoni ya ci wa Williams tserenta na farko da mota mai lamba 28, Jones kuma mai lamba 27 shi ya tashi daga sahun farko, bayan ya yi zagaye ɗaya a 1:11.88 a gwajin neman sahu. Hotunan ranar suna da yawa, kuma wannan lokacin zai yi maka amfani wajen gwaji.

Daga nan sai awo. Tazarar tayar gaba da ta baya kusan mita 2.69 ce. Ka sa Blender a kan mita, ka zana layin ƙasa, ka ajiye tayoyi huɗu a inda ya kamata su zauna, sannan injin, sannan wurin zaman direba. Bodi shi ne na ƙarshe. Mafi yawan motocin da muke gani sun fito a karkace, daga hanci mai su ya fara, ya zo tsakiya ya tarar injin ba ya shiga.

Wajen hoto, wanda aka ɗauka daga nesa da dogon gilashi, daidai gefen mota, shi ne abin awo. Wanda aka ɗauka kusa yana kumbura abin da ke gaban kyamara, ya tsuke na nesa. Idan irinsa kaɗai ka samu, manhajar fSpy za ta taimaka ta gano inda kyamarar ta tsaya, muddin akwai miƙaƙƙun layuka a hoton, kamar bangon gareji. Rim kuma ma'auni ne mai kyau, amma da tarko a ciki. Rim mai inci 13 milimita 330 ne a inda taya ke zama, ba a leɓen da ido ke gani ba. Leɓen ya fi haka da kusan milimita 35. Wanda ya ɗauki leɓen a matsayin 330 zai tsuke motarsa gaba ɗaya da kusan kashi 10 cikin ɗari, ya kuma rasa dalilin da direba ba ya shiga kujera.

Abu biyu ka yi hattara da su. Motocin da ake fitowa da su yau a tseren tunawa da baya an taɓa su: wasu an ɗaga musu ƙarfen kariyar kai, tayoyinsu na Avon ne ba Goodyear ba. Sai ƙaramar motar roba ta Tamiya mai ma'aunin 1/20. Tana da amfani wajen gane yadda sassa suke haɗuwa, amma kuskuren rabin milimita a jikinta santimita ɗaya ne a motar gaske.

Littafi ya ce injin yana da ƙarfin doki 485. Na rubuta 485 a fayil ɗin power.lut, yanzu motar tana kartar taya har a giya ta huɗu. Kuma ban samu lambobin giyarta ba ko'ina.
Daga wani ɗalibi a Shara Mansur, Makka

Ƙanena, sunan fayil ɗin ne ya yaudare ka, kuma ba kai kaɗai ba. Abin da ake rubutawa a power.lut ƙarfin juyi ne a ma'aunin Nm, ba ƙarfin doki ba, kuma wanda ya iso taya bayan giyabos ya ci nasa rabon. Injin Cosworth DFV ne, V8 mai cc 2,993, kuma a wancan lokacin yana ba da doki 480 zuwa 490 a wajen juyi 10,600 a minti. Ga lissafin. Doki 485 kilowat 362 ne. Ka ninka 362 da 9,549, ka raba da 10,600, za ka samu Nm 326. Cire kashi 12 cikin ɗari na asarar giya da difaransha, saura 287. Layinka zai zama 10600|287. Kai kuwa ka sa 485, wato ka ba motar fiye da doki 800.

Kada ka ja layin a miƙe daga ƙasa har sama. DFV injin tsere ne, ƙasa da juyi 6,000 ba shi da kuzari, ƙarfinsa yana tsakanin 8,000 da ƙololuwa. Wannan rauni na ƙasa yana cikin halin motar, shi ke sa direba ya biya bashi idan ya shiga kwana da giyar da ba ita ba. A engine.ini kuma ka kula da RPM_THRESHOLD, inda injin ke fara lalacewa idan an wuce gona da iri wajen sauko da giya.

Batun giya, babu lamba ɗaya da za ka samu ka ce ita ce. Giyabos ɗin Hewland ne mai giya biyar, kuma bakanikai suna canza haƙoransa a kowane fili. Hanya biyu ce. Giya ta biyar daga gudun ƙarshe ake gano ta. A misali, tayar baya mai mita 0.33 daga cibiya zuwa ƙasa tana cin mita 2.07 a juyi ɗaya. Idan kana son kilomita 300 a awa a juyi 10,600, dole taya ta juya sau 2,410 a minti, wato giya ta biyar a ninka da FINAL, rabon giyar difaransha, su ba da 4.4.

Sauran giyoyin daga sauti za ka ciro su. Ka sauke bidiyon motar, ka buɗe sautin a manhajar Audacity, ka koma kallon da ke nuna kaifin sauti a layi-layi. Injin V8 yana bugu huɗu a kowane juyi, don haka juyi 10,600 zai fito a wajen Hz 707. Da yake kowane ɓangaren injin da bututun hayaƙinsa, sau da yawa layin da ya fi fitowa shi ne rabin wannan, wajen 353. Ba damuwa, faɗuwar layin kake nema. Idan yana 700 kafin canjin giya ya dawo 590 bayansa, giyar sama kashi 84 cikin ɗari ce ta wadda aka bari. Daga ta biyar sai ka yi ta komawa baya. Bidiyon da aka ɗauka daga cikin mota kaɗai ke yin wannan aiki. Na bakin titi sautinsa yana sauyawa yayin da motar ke matsowa da wucewa. Idan kuma bidiyon na tseren tunawa da baya ne, ka sani ana taƙaita injin a juyi 10,000.

Malam, motata tana ɗaga taya a kwana kamar za ta kife, kuma ta yi tauri fiye da kima. Lambar sifirin da na gani a wata tsohuwar mujalla na sa.
Daga wani bakanike a Sina'iyya, Riyad

Oga, kai da ke kwance mota kullum za ka fi kowa saurin gane wannan. Matsala biyu ce ta haɗu.

Ta farko sifirin. SPRING_RATE a suspensions.ini taurin da taya ke ji ne, ba taurin sifirin a hannu ba. A FW07 sifirin gaba a cikin bodi yake, hannun sama ne ke danna shi kamar liba, don haka idan taya ta tashi milimita 10 sifirin ba ya matsewa 10. A ce 7 yake matsewa, rabon 0.7 ke nan, kuma sau biyu ake ninka shi: 0.7 sau 0.7 ya ba da 0.49. Tsofaffin mujallun Ingila da fam a inci suke rubutu, ana ninkawa da 175 a samu N/m. Sifiri mai 600 zai zama 105,000, a taya kuma 51,500. Idan 105,000 ka rubuta, ka ninka taurin motar sau biyu. Shokozoba ma haka lissafinsa yake. Rabon kuwa daga zanenka na Blender za ka auna shi, wanda shi ne dalilin da muke cewa a ɗora hannayen taya daidai tun farko.

Ta biyu cibiyar nauyi. BASEY shi ke faɗin tsayinta, kuma a aikace tsayin shi ne tazarar cibiyar taya daga ƙasa a cire BASEY. Motocin gida lambar tasu tana da alamar ragi, domin cibiyarsu ta fi cibiyar taya tsayi. Idan fayil ɗin motar gida ka kwafa ka fara da shi, kamar yadda yawancin mutane ke yi, ka gaji wani abu kamar -0.15, cibiyar motarka tana can kusan rabin mita sama. Motar Formula 1 ta wancan zamani a ƙasa da santimita 30 take. Da taya mai 0.33, idan kana son 0.28, sai ka rubuta 0.05 ba alamar ragi. Gaba da baya kowanne da nasa, tunda tayoyin ba girmansu ɗaya ba.

Tunda ka buɗe fayilolin, ka duba TOTALMASS a car.ini. Mota ce da direba, ba mai. Dokar 1979 ta ce mota kada ta gaza kilo 575 ba direba, don haka mota mai 580 da direba mai 75 za su ba ka 655. Fetur daban ake lissafa shi, kuma ba ƙaramin abu ba ne: lita 170 kusan kilo 127 ce, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin motar. Tankin yana tsakanin bayan direba da injin, can za ka sa shi. CG_LOCATION kuma ka fara da 0.40, wato kashi 40 na nauyi a gaba. INERTIA akwati ne na faɗi, tsayi da tsawo, amma kada ka ba shi cikakken faɗin motar, domin nauyinta a tsakiya ya taru, gefe kusan ba komai sai lagireto da iska.

Na gama komai, amma a tsohuwar Silverstone daƙiƙa huɗu nake bayan lokacin Jones. Abokina ya ce in ƙara wa taya riƙo har lokacin ya yi daidai. Ya halatta?
Daga wani mai karatu a Bab Sharif, Jidda

Malam, abokinka ya ba ka shawarar ƙara wa miya gishiri don nama bai nuna ba. Lokacin zai yi daidai, motar kuma ta tashi daga FW07. Ƙarin riƙon taya a ƙaramar kwana yake fi bayyana, alhali wannan mota a manyan kwanoni masu gudu ta fi sauran.

Sirrinta a ƙarƙashi yake. Cikin akwatunan gefe biyu an yi shi kamar fiffiken jirgi a kife, iska tana ratsawa da sauri, matsinta ya ragu, motar ta tsotsu ƙasa. Siket ɗin da ke gefe yana hawa da sauka a cikin raminsa, yana gogar kwalta, yana hana iskar waje kutsowa. Lotus ce ta fara wannan dabara da samfurin 78 da 79, Williams ta zo ta yi ta a jikin da ya fi tauri, siket ɗinta kuma ya fi zama a ƙasa. Dannawar iska tana tafiya da gudu a ninka da kansa: idan gudu ya ninka biyu, ita ta ninka huɗu. Filin Silverstone na 1979 kilomita 4.719 ne, don haka 1:11.88 na nufin matsakaicin gudun kilomita 236 a awa. A irin wannan fili iska ce ke yanke hukunci.

A aero.ini, kada ka yi ƙarƙashin motar fiffike ɗaya. Ka raba shi biyu, ɗaya gaban cibiyar nauyi, ɗaya bayanta, kowanne da nasa LUT_GH_CL, jadawalin da ke faɗin yadda dannawa ke canzawa da tsayin mota daga ƙasa. Da haka idan ka taka birki hanci ya sunkuya, riƙo zai koma gaba kamar yadda yake a zahiri. Jadawalin ya riƙa hawa a hankali yayin da mota ke saukowa, ya faɗi idan ta kusa taɓa ƙasa, ya kuma faɗi sosai idan ta tashi har siket ya bar kwalta, kamar lokacin hawa dakalin kwana. Idan ka sa tsalle mai kaifi tsakanin lambobi biyu, motar za ta riƙa sukuwa a miƙaƙƙen titi. Motocin zamanin sun yi fama da wannan sukuwa da gaske, amma taka ta fito daga lissafi mai kyau, ba daga jadawali mai gibi ba. Ka kuma duba colliders.ini, kada akwatin ƙasa ya riga motar taɓa titi.

Gwajin ma jeri gare shi. Fara da gudun ƙarshe a miƙe, shi ke gaya maka ko injin da turjiyar iska sun yi daidai. Sannan ƙaramar kwana ta giya ta biyu, inda iska ba ta da ta cewa, nan kaɗai za ka taɓa DY_REF, lambar riƙon taya a kwana. Sannan manyan kwanoni irin su Stowe da Club, nan za ka taɓa CL_GAIN, lambar ƙarfin dannawar iska. Birki a ƙarshe. Manhajar ACTI tana fitar da bayanan zagaye zuwa MoTeC, manhajar nazarin bayanan tsere, ka ga gudunka a kowace kwana a rubuce maimakon ka dogara da abin da hannunka ya ji.

Tayar kanta: Goodyear na 1979 mai zaren gicciye ce, ba radiyal ba kamar Michelin ɗin da Renault da Ferrari suke sawa a lokacin. Tana son a ɗan zame da ita kafin ta ba da cikakken riƙo, don haka FRICTION_LIMIT_ANGLE ka fara da 9 ko 10, sama da na tayar zamani. Tana kuma kumbura da gudu, wanda RADIUS_ANGULAR_K ke kula da shi.

Akwai kuma abin da mu mazauna nan muke mantawa. Idan ka sa zafin wasan a digiri 35 don ya yi kama da Jidda, iskar ta fi ta digiri 15 sauƙi da kusan kashi 6 cikin ɗari, dannawa ta ragu da haka. Ka yi gwajin da yanayin Ingila. Bayan duk wannan, idan daƙiƙa ɗaya ko biyu suka rage, ka bar su. Jones da tayar neman sahu da ɗan mai kaɗan ya yi wannan lokacin, kuma shi Alan Jones ne. Filin da aka zana a wasan ma ba lallai ya yi daidai da na 1979 taku da taku ba.

Na shigar da motar cikin wasa, tayoyi suna rawa kamar rim ya lanƙwashe, rubutun gefen hagu kuma ya fito a juye.
Daga wata mai karatu a Madina

'Yar'uwa, duka biyun gyaran minti kaɗan ne. Wasan yana juya duk abin da ke ƙarƙashin WHEEL_LF, WHEEL_RF, WHEEL_LR da WHEEL_RR a kan cibiyar waɗannan ɗigon, ɗaya ga kowace taya. Idan cibiyar ta kauce wa tsakiyar rim ko da milimita 2 ne, ido zai gani. Ki mayar da ita tsakiya daidai, ki tabbatar Z yana kallon gaba Y yana kallon sama a duka huɗun, har na ɓangaren dama, sannan ki tabbatar da ma'aunin kowane sashe ya koma 1 kafin ki fitar da fayil ɗin FBX zuwa ksEditor, manhajar shigar da mota cikin wasan. Idan tayoyin sun daina rawa amma bodi ya zame gaba ko baya a kansu, GRAPHICS_OFFSET ne a car.ini.

Rubutun kuwa, kin gina rabin mota kin haska ɗaya rabin da madubi, sai ɓangarorin biyu suka hau wuri ɗaya a shimfiɗar fenti. Ki danna Apply a kan madubin tukuna, sannan ki shimfiɗa kowane gefe daban. Idan za ki sa rubutun Larabci, kada ki buga shi a Blender, zai raba miki haruffa ɗaiɗai. Ki bi sawunsa daga hoto a manhajar zane ta Inkscape. Tambarin Saudia ma na wancan zamani za ki bi, kamfanin ya canza shi tun daga lokacin.

Idan kwamfutarki ba mai ƙarfi ba ce, ki yi motar hawa huɗu a lods.ini: cikakkiya ta kusa, sai masu raguwa har zuwa ta nesa mai 'yan dubban kusurwoyi. Injin DFV a buɗe yake ta baya, kuma shi ke cinye kusurwa, musamman bututun hayaƙi da wayoyin fulogi. A hawa na biyu ki cire wayoyin, ba mai ganinsu daga mita 15.

Idan na gama zan iya sayar da ita, ko riyal 20 ne?
Daga Misfala, Makka

Zanen naka ne, amma sunan Williams, da na Saudia, Albilad da Goodyear, da tamburansu, duk suna da masu su, kuma sayarwa ba izini jawo wa kai magana ne. Masu sayar da irin wannan aiki sukan canza sunan mota su cire tambura. Ciro mota daga wani wasa ka sa a naka kuwa sata ce, ko kyauta za ka raba.

Sitiyarina Logitech G29 ne. Da motar ta ɗauki gudu sai ya yi nauyi ɗaya, ba na jin komai.
Daga wani matashi a Jidda

Ƙanena, ƙarfin da wasan ke turo wa sitiyarin ya wuce abin da zai iya bayarwa, shi kuwa G29 bai fi Nm 2 da ɗoriya ba. Da ya kai ƙarshensa, kwana da rami da zamewar taya duk ɗaya suke a hannu. FW07 ba ta da abin sauƙaƙa sitiyari, kuma nauyinsa yana ƙaruwa da dannawar iska, don haka wannan hali nata ne. Ka rage FFMULT, lambar ƙarfin sitiyari, a car.ini, ka buɗe ma'aunin feda na cikin wasa, ka shiga kwana mafi gudu a filin. Sandar ƙarfin sitiyari ta riƙa taɓa ja jifa-jifa kawai, kada ta zauna a can. A ƙananan kwanoni zai yi maka sauƙi fiye da yadda ka saba, haka ya kamata.

Idan kuma nauyin bai tashi daidai ba ko bayan wannan, koma suspensions.ini ka duba WBTYRE_TOP da WBTYRE_BOTTOM, ɗigon da hannun sama da na ƙasa ke haɗuwa da taya. Layin da ya haɗa su shi ne abin da taya ke juyawa a kai, kuma inda ya sauka a ƙasa, gaban tsakiyar taya da 'yan santimita, shi ke haifar da nauyin sitiyari. Ana auna waɗannan ɗigon daga cibiyar taya, a mita. STEER_LOCK kuma daga tsakiya zuwa gefe ɗaya ne, ba daga ƙarshe zuwa ƙarshe ba, don haka 180 na nufin digiri 360 gaba ɗaya. Ka bar manhajar G29 a kan digiri 900, wasan da kansa zai tsuke shi zuwa na motar.